A Tambayi Mai Ƙafar: Darasi Daga Kotunan Ingila

A watan Satumban 1993 likitoci a Ingila suka ga ƙafar wani dattijo mai shekara 68 ta fara ruɓewa. Mutumin ya yi shekara da shekaru a Broadmoor, asibitin da ake tsare masu taɓin hankalin da ake jin tsoron za su cutar da jama'a, kuma ciwon nasa ba na wasa ba ne. Ya haƙiƙance cewa shi shahararren likita ne da duniya ta san da zamansa, wanda majinyaci bai taɓa mutuwa a hannunsa ba. Likitan tiyata ya duba ƙafar ya ce sai an yanke ta daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba damar tsirarsa ba ta wuce kashi 15 cikin 100 ba. Dattijon ya ce atafau, gara ya mutu da ƙafa biyu da ya rayu da ɗaya. Ya yarda a wanke ciwon, a kankare inda ya mutu, a ba shi magani, amma ban da yankewa.

Da asibitin ya ƙi yi masa alkawarin cewa ba za a yanke ƙafar nan gaba ba tare da yardarsa ba, sai lauyansa ya garzaya kotu. Mai shari'a Thorpe ya saurari likitocin ƙwaƙwalwa, ya saurari mutumin da kansa, sannan ya yanke hukuncin da har yau ake karantar da ɗaliban lauya da na likitanci. Bai ce mutumin lafiyarsa ƙalau ba, don kowa a ɗakin ya ga ba haka ba ne. Abin da ya ce shi ne, ciwon bai taɓa wannan shawarar ba: dattijon ya gane abin da aka faɗa masa game da ƙafarsa, ya riƙe shi, ya san akwai mutuwa a ciki, ya auna, ya zaɓa. Aka hana asibiti taɓa ƙafar sai da rubutacciyar yardarsa. Allah da ikonsa, ƙaramin aikin da ya amince da shi ya kawar da haɗarin a wancan karon. Amma ko da ya mutu, hukuncin bai zama kuskure ba, domin ba a kan ingancin zaɓinsa aka gina shi ba.

Wannan shari'a da irinta, da wani rahoto da Hukumar Gyaran Dokoki ta Ingila ta fitar a 1995, su suka share fagen dokar da majalisa ta zartar a 2005, ta fara aiki a 2007 a Ingila da Wales. Doka ce a kan yadda za a gane ko wanda ya kai shekara 16 zuwa sama yana iya yanke wa kansa shawara, da abin da za a yi idan ba ya iyawa. Ta shafi tsohuwar da gigin tsufa ya kama, da matashin da ya bugu a ka a haɗarin mota, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa, har da majinyacin da zafin zazzaɓi ya fitar daga hayyacinsa na kwana biyu.

Tushenta guda ne: kowane baligi mai hankali ne a idon doka har sai an tabbatar da akasin haka, kuma nauyin kawo hujja yana wuyan mai cewa babu hankalin. Dokar ta fito fili ta hana a yanke wa mutum hukunci saboda shekarunsa, ko kamanninsa, ko sunan ciwonsa, ko wata ɗabi'a tasa da ta bambanta da ta mutane. Takardar likita mai cewa wane yana da ciwon mantuwa ba ta isa ba. Haka kuma babu wanda za a buga wa hatimi sau ɗaya a ce daga yau ba shi da ta cewa a komai. Tambayar kullum ita ce, wace shawara, kuma a wane lokaci. Tsohon da ba zai iya bin lissafin sayar da gida ba yana iya sanin sarai wanda yake so ya yi jinyarsa. Wadda ke sambatu da daddare tana iya wayar gari garau, kuma idan maganar za ta iya jira, to sai a jira safiya.

Shi kansa gwajin bai da wani surkulle. Mai yin sa, likita ne ko nas ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, zai zauna da mutumin ya duba abu huɗu. Ya fahimci bayanin da ya shafi shawarar, har da abin da zai biyo baya idan ya yarda, ko ya ƙi, ko ya yi shiru? Yana iya riƙe bayanin gwargwadon lokacin da zai yanke shawara, ko da zai manta bayan awa guda? Yana iya aunawa, ya ɗora wannan a kan wancan? Sannan yana iya isar da abin da ya zaɓa ta kowace hanya, da baki ko da hannu ko da ƙifta ido? Idan ya gaza a ɗaya daga ciki, sai a nuna cewa wata matsala ce ta ƙwaƙwalwa ta jawo gazawar, ba kurumta ba, ba tsoro ba, ba rashin jin harshen mai tambaya ba. Kuma kafin a kai ga cewa ya gaza, wajibi ne a yi duk abin da zai yiwu don a taimake shi: a kawo tafinta, a sa masa tabaransa, a sauƙaƙa magana, a zo da hoto, a kira wanda ya saba da shi, a zaɓi lokacin da magani bai sa shi gyangyaɗi ba.

Ƙa'idar da ta fi ba masu aiki da dokar wuya ita ce wadda ta ce ba a cire wa mutum ikonsa don kawai ya yi zaɓin da wasu ke gani wauta ne. A baki abu ne mai sauƙi. A bakin gadon asibiti kuwa, mutum yakan tarar da majinyacin da ya ce «to» ba wanda ke tambayar lafiyar hankalinsa, sai ranar da ya ce «a'a» a fara neman likitan ƙwaƙwalwa.

Wata shari'a ta 2012 ta nuna haka ƙarara. Tsohuwa ce mai shekara 82, mijinta ya rasu, tana da ciwon makyarkyata da ciwon mantuwa, an kai ta gidan kula da tsofaffi, ita kuma ta dage sai ta koma ɗan gidanta. Hukuma ta ce ba za ta iya zama ita kaɗai ba, ga shi lokacin da take gida ta danna ƙararrawar neman agaji fiye da sau dubu cikin wata shida. Ƙwararrun da suka gwada ta duk suka ce ba ta da ikon yanke wannan shawara. Mai shari'a Baker ya bari ta yi magana a gabansa. Ta zayyana irin taimakon da take buƙata, wanka da abinci da shiga bayi, ba ta ɓoye cewa tana iya faɗuwa ba, ta ce in ma a ƙasan ɗakinta mutuwa za ta same ta, to ta same ta a can. Alƙalin ya yi watsi da ra'ayin ƙwararrun gaba ɗaya. Ya ce ba a ma shimfiɗa mata zaɓin yadda ya kamata ba, domin ba wanda ya zauna ya tsara mata dalla-dalla irin kulawar da za ta samu in ta koma gida, balle a ga ko za ta iya gwada ta da zaman gidan tsofaffi. Ya kuma ja kunnen masu gwaji cewa son kare mutum daga haɗari yakan rinjayi mai gwaji har ya ga rashin hankali inda babu. A ganina wannan jan kunne ya fi duk sassan dokar amfani, don kuskuren mutanen kirki yake nunawa, kuma su ne suka fi yawa a kan majinyaci.

To idan an tabbatar mutum ba ya iyawa fa? Nan ma dokar ba ta miƙa wuyansa ga kowa ba. Abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne, a Ingila kasancewarka ɗan mutum ko mijinta ko matarsa bai ba ka ikon sa hannu a madadinsa a kan magani ba. Sai dai in shi ya naɗa ka wakili a rubuce tun yana cikin hayyacinsa, aka yi wa takardar rajista a ofishin gwamnati da ke kula da wannan, ko kuma Kotun Kariya ta naɗa ka. In ba haka ba, wanda zai yi aikin shi zai yanke abin da ya fi zama maslaha ga mutumin, bayan ya tuntuɓi iyali da masu jinya, ya binciki abin da mutumin ke so a da da yanzu, da addininsa, da abin da ya ɗauka da daraja a rayuwa, ya kuma nemi hanyar da ta fi ƙarancin tauye shi. Wanda ba shi da kowa, idan maganar babba ce, ana samo masa mai magana da yawunsa wanda ba ma'aikacin asibitin ba. Akwai kuma abubuwan da ba mai yi wa wani ko da wace hujja, kamar amincewa da aure da jefa ƙuri'a. Mai jinyar da ya ci zalin irin wannan mutum ko ya yi watsi da shi da gangan yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5.

A 2015 aka sake kawo maganar ƙafa gaban kotu. Wannan karon dattijo ne mai shekara 73, ga ciwon suga ga daɗaɗɗen taɓin hankali, yana cewa yana jin muryoyin mala'iku. Kowa ya yarda, har alƙali, cewa ba ya iya auna maganar tiyatar. Duk da haka Mai shari'a Peter Jackson ya tashi takanas ya je asibiti ya zauna da shi. Da ya dawo sai ya ƙi ba da izinin yankewa. Hujjarsa ita ce, mutumin nan ba abin da ya rage masa a duniya sai 'yancin kansa da imaninsa, kuma imanin nan ya daɗe tare da shi har ya zama shi ne shi, don haka danne shi a yanke masa ƙafa yana ihu ba maslaharsa ba ce. Ana iya saɓa wa alƙalin, kuma akwai waɗanda suka saɓa. Abin lura dai shi ne, ko bayan an ce mutum ya gaza a gwaji, maganarsa ba ta zama iska ba.

Kada mai karatu ya ɗauka aljannar duniya ake ba shi labari. A 2014 wani kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya ya bi diddigin dokar, ya ce a takarda ta yi kyau amma a aikace ba ta shiga jinin ma'aikata ba. Likitoci na nan da halinsu na «mu muka sani», ma'aikatan jin daɗin jama'a na gudun abin da zai jawo musu zargi, wasu kuma sun mai da ƙa'idar cikar hankali mafakar lalaci: a ga tsoho yana lalacewa cikin ƙazanta a ce ai zaɓinsa ne, ba tare da an gwada shi ba. Kafin nan, a unguwar Hillingdon ta Landan, wani uba da rashin lafiya ta kama ya nemi hukuma ta riƙe masa ɗansa mai lalurar ƙwaƙwalwa na 'yan kwanaki. Sai da matashin ya yi kusan shekara guda a hannunsu, uban na bin su yana roƙo, kafin kotu ta mayar da shi gida, ta kuma yanke a 2011 cewa tsarewar haramtacciya ce. Bayan wani hukuncin Kotun Ƙoli na 2014 da ya faɗaɗa abin da ake kira tsare mutum, takardun neman izinin tsarewa a Ingila suka tashi daga dubu goma sha wani abu a shekara zuwa sama da 300,000, aiki ya yi wa hukumomi katutu. An zartar da gyara a 2019, gwamnati ta jingine aiwatar da shi a 2023. Sannan akwai hukunce-hukuncen da Musulmi zai karanta ransa bai kwanta ba, kamar na 2002 da aka ba wata mata da jikinta ya shanye damar a cire mata na'urar numfashi bisa buƙatarta. Ba duk abin da ke cikin kwandonsu ne namu ba. Kuma tsohuwar da ke danna ƙararrawa dare da rana don ba kowa a gidan, ba abin sha'awa ba ce ga wanda ya tashi a gidan da kaka ke kwana da jikoki.

Amma mu dubi namu da idon gaskiya. Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibiti a ƙasar nan ya san wannan hoto. Likita ya zo zagayen safe da ɗalibai a bayansa, ya buɗe ƙafar tsoho mai ciwon suga, ya yi magana da Turanci da na kusa da shi, sannan ya ɗaga kai ya ce, «Ina babban ɗansa?» A fita da ɗan baranda a yi ƙus-ƙus, a kawo takarda ya sa hannu. Tsohon na kwance yana bin su da ido, mutumin da jiya-jiya shi ke raba gardamar gona a unguwarsu. In ya tambaya, sai a ce, «Baba, ba komai, ɗan wanke ciwon za a yi.» Wani sai ya farfaɗo daga allurar barci yake sanin abin da aka yi masa. Wani kuma akasin haka ne: shi yana son a yi aikin, 'ya'ya suka ga kuɗin ya yi yawa ko suka ji tsoron surutun dangi, suka sa hannu a takardar sallama suka tafi da shi gida. A ɗakin haihuwa kuwa, mace mai cikakken hankali tana naƙuda tana cewa a yi mata tiyata, ana jiran mijin da wayarsa ba ta shiga.

Yawancin masu yin haka ba mugunta ke sa su ba. Tausayi ne, da kunya, da gudun kada a tayar wa tsoho hankali. Sai dai ta ƙofar da tausayi ya shiga, ta nan son zuciya ke bi. Da zarar an ce «ai Hajiya ta rikice», katin cirar kuɗinta ya koma aljihun wani, fansho ya zama na mai karɓowa, filin da ta ce na marayun 'yarta ne a wayi gari an sayar. Ba wanda ya gwada ta, ba wanda ya rubuta komai, kalma ɗaya ce ta fito daga bakin wanda zai amfana. Ƙarshen wannan hanya mun gan shi a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, kuma akasarinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu.

Abin takaicin shi ne, gwada mutum kafin a hana shi ikonsa ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, har da Mukhtasar na Shaihu Khalil, suna da babi sukutum a kan hana mutum tasarrufi da dukiyarsa, da wanda ake hanawa, da wanda ke da ikon hanawa. Malamai sun raba tsakanin wanda hankalinsa ya gushe ɗungurungum da wanda ciwon ke zuwar masa yana sakinsa, suka ce abin da na biyun ya ƙulla lokacin da yake garau ya ƙullu. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu, wato a gwada, ba a yi zato ba. A kan baligin da ke almubazzaranci an yi saɓani: Malikawa sun yarda a hana shi, amma wanda wautar ta same shi bayan ya riga ya mallaki kansa, alƙali ne ke hana shi, ba ɗan'uwan da ya ga dama ba. Imam Abu Hanifa kuwa bai yarda a hana baligi mai hankali ba ko da yana ɓarna, don a wurinsa zubar da mutuncin ɗan Adam ya fi asarar dukiya muni. Muhawarar da alƙalan Landan ke yi yau, malaman Kufa da Madina sun yi irinta tun ƙarni na 8.

Ta fuskar dokar ƙasa ma ba a fara daga sifili ba. A 2001, a shari'ar Dokta Okonkwo, wanda aka tuhuma bayan rasuwar wata majinyaciya 'yar Shaidun Jehobah da ta ƙi ƙarin jini, Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da 'yancinsa na ƙi. A farkon 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916. Abin da ya rage shi ne abin da Ingila ta sa a hannun kowace nas: hanya gajera, sananniya, ta gane wa ke iya yanke shawara, da tilasta rubuta dalili idan an ce ba ya iyawa.

Wani zai ce ina muka ga likitocin ƙwaƙwalwar da za su yi wannan, alhali 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri sun cika maƙil? Ai ko a Ingila ba su ke yawancin gwajin ba. Tambayoyin nan huɗu ba sa cin kuɗi, ba sa buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Abin da suke ci shi ne minti goma sha biyar, da kujera a gefen gado, da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci maimakon Turanci. «Baba, ka ji abin da likita ya ce game da ƙafar nan? Faɗa mini da bakinka. In an bar ta me kake ganin zai faru? In an yi aikin fa?» Amsar da zai bayar ita za ta nuna ko ya fahimta, ba furfurarsa ba. Kuma wannan bai kori iyali ba. Bahaushe ba ya yanke babbar shawara shi kaɗai, tsohon da kansa zai ce a kira masa wane da wance, wani ma zai ce ya bar wa babban ɗansa magana. In ya faɗi haka da bakinsa yana cikin hayyacinsa, shi ma zaɓi ne, a rubuta a girmama. Bambancin wakilci da ƙwace shi ne wa ya bayar.

Don haka kira na ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu da shugabannin asibitocin koyarwa: a ƙara layi a takardar amincewa da tiyata, inda duk wanda ya karɓi sa hannun ɗa ko miji a madadin baligi zai rubuta abin da ya tambayi majinyacin, da amsar da ya samu, da ranar da sa'ar. A koyar da tambayoyin nan a makarantun nas da na ungozoma da na jami'an lafiya na karkara. Alƙalan kotunan shari'a kuma, kada su karɓi maganar gushewar hankalin mai dukiya daga bakin magada ba tare da sun ga mutumin ido da ido ba. Kai kuma mai karatu da Allah ya bar maka iyaye a raye, ka zauna da su tun suna da ƙarfinsu, a gaban shaidu, su faɗi wanda suke so ya tsaya musu a asibiti da wanda zai riƙe musu dukiya in ciwo ya kwantar da su, a rubuta a ajiye.